Sassaƙar Allon Zamiya kan Dusar Ƙanƙara: Daga Gida zuwa Masana'anta, da Komawarta Gida

Allon zamiya, wanda ake kira ski a yawancin harsunan Turai, dogon katako ne siriri mai lanƙwasasshen baki, wanda mutum yake ɗaura guda biyu a ƙafafunsa domin ya yi tafiya a kan dusar ƙanƙara ba tare da ya nutse a cikinta ba. Dusar ƙanƙara kuwa ruwa ne da sanyi ya daskarar tun yana cikin gajimare, ya sauko fari fat mai laushi, ya taru har ya kai gwiwa ko ƙugu a ƙasashen arewacin duniya, inda yakan shafe watanni bai narke ba. Hikimar allon ita ce raba nauyin mutum a kan fili mai faɗi, ta yadda ƙafa ba za ta lume ba, sannan santsin ƙasansa ya mayar da tafiya mai wahala ta zama sulɓi. Masu kallon gasar Olamfik ta lokacin hunturu a talabijin sukan ɗauka cewa kayan wasa ne da kamfanoni suka ƙirƙiro, alhali kuwa ya shafe dubban shekaru a cikin kayan aikin mafarauta da makiyaya da manoma, waɗanda suke sassaƙa shi a gida da gatari da gizago da wuƙa. Tarihinsa tarihin wata sana'ar hannu ce da ta fito daga ɗakin manomi, ta shiga masana'anta har ta kusa kuɓuce wa jama'a, daga baya kuma ta dawo ƙananan shagunan masu yin ta don sha'awa.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Gombe, amma sassaƙa ba baƙuwa ba ce a garin. A unguwar Dawaki, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, kamar sauran unguwannin wannan gari da ya zama mazaunin masarauta a shekarar 1919, da wuya a shiga gida a rasa turmi da taɓarya, ko muciya, ko allon karatu, waɗanda dukkansu aikin masassaƙi ne. Abin da ya fi kusa da allon zamiya a cikin kayan Hausawa shi ne dangarafai, wato takalmin katako da ake sawa da damina don kada ƙafa ta lume a cikin taɓo, domin tunani ɗaya ne ya haifar da su, na sanya itace tsakanin ƙafar mutum da ƙasar da ba ta takuwa. Saboda haka abin da ya sami wannan sana'a a Norwe da Suwidin da Rasha yana da amfani ga duk wanda ya damu da makomar sassaƙa a ƙasar Hausa.

Tushen sana'ar

Mafi tsufan ɓurɓushin allon zamiya da aka sani an haƙo shi ne a shekarun 1960 a wani wuri da ake kira Vis, kusa da tafkin Sindor a arewacin Rasha, a cikin wata fadama mai ruɓaɓɓun tsirrai, wadda rashin iska a cikin lakarta ya hana katako ruɓewa. Masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000, kuma a bakin ɗaya daga cikin gutsattsarin an sassaƙa kan wata dabbar dawa mai kama da gwanki, abin da yake nuna cewa tun a wancan zamani masassaƙi ba ya tsayawa ga amfani kawai, yana neman kyau. Wannan adadi na shekaru ya yi daidai da na kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a shekarar 1987 yana haƙar rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, maƙwabciyar Gombe, aka kuma fito da shi a 1994 a ƙarƙashin haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus. Kwalekwalen, mai tsawon fiye da mita 8, an fafe shi ne daga gungume ɗaya, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Ke nan a zamani guda, ba tare da sanin juna ba, mutanen arewacin Rasha da na yankin tafkin Cadi sun riga sun ƙware wajen mayar da itace abin sufuri.

A shekarar 1924 wasu masu haƙar magudanar ruwa a ƙauyen Kalvträsk na arewacin Suwidin suka tono alluna biyu da sandar dogarawa mai baki kamar shebur, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da kimanin 5,200. Allon da ya tsira yana da tsawon santimita 204 da faɗin santimita 15 da rabi, kuma yana ajiye a gidan tarihi na garin Umeå. Shaida mafi cika kuwa ta fito ne daga dutsen Digervarden na Norwe, inda narkewar ƙanƙara ta bayyana allo ɗaya a 2014, ta kuma bayyana ɗan'uwansa a 2021, bayan sun kwanta a wurin kimanin shekara 1,300. Muhimmancin waɗannan biyu shi ne cewa an same su da maɗaurinsu, wanda aka yi da murɗaɗɗen reshen itace da tsirkiyar fata, kuma akwai alamun gyara a jikinsu, wato mai su ya ɗauke su dukiya ce da ake lallaɓawa idan ta lalace.

Yadda ake sassaƙa shi a gargajiyance

Aikin yana farawa ne tun daga daji, wajen zaɓen itace, domin allon da zai ɗauki nauyin mutum yana lanƙwasawa yana miƙewa dubban lokuta a rana ba ya yiwuwa sai da itace mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar ƙulli. A ƙasashen Sikandinabiya an fi amfani da fayin, dogon itace mai ganye kamar allura wanda ba ya kaɗewa da hunturu, da birc mai farin ɓawo, da kuma ash mai ƙarfi da sauƙin tanƙwaruwa. Gwanayen arewacin Suwidin sukan nemi fayin da ya girma a karkace a gefen tudu, saboda ɓangaren da ya ɗauki nauyin karkatar yakan yi tauri fiye da sauran jikin itacen, don haka ba ya saurin cinyewa, kuma dusar ƙanƙara ba ta cika manne masa ba. Ba a yanka gungumen da zarto, tsaga shi ake yi da gatari da turaku domin katakon ya bi jijiyarsa ta asali, tun da zarto yana yanke jijiya, wurin da aka yanke kuwa nan ne karaya take farawa.

Bayan an tsaga, sai a fere katakon da gizago, a bar tsakiyarsa da kauri inda ƙafa za ta zauna, a rage shi a hankali zuwa baki da wutsiya. Lanƙwasa baki shi ne wurin da gwaninta take bayyana, kuma a nan karin maganar Hausawa da ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi bayani ne na zahiri game da aikin: ko dai a lanƙwasa katakon yana ɗanye a kan wuta, ko a tsoma bakinsa cikin tafasasshen ruwa, ko a turara shi da tururi har ya yi laushi, sannan a ɗaure shi a jikin wani gungume da aka sassaƙa bisa siffar da ake so, a bar shi ya bushe a haka. Daga nan sai a shafa wa ƙasansa kwaltar itace, wadda ake samu ta hanyar gasa saiwoyin fayin a rufaffen rami, a ɗumama ta da wuta har ta shige cikin katakon, domin ta hana ruwa shiga.

Matsalar hawan tudu kuwa da fata aka warware ta. A tsaunukan Altai na arewa maso yammacin ƙasar Sin, inda Tuwawa da Kazakawa suke zaune, har yau akwai masu sassaƙa allon zamiya su lulluɓe ƙasansa da fatar ƙafar doki, a jera ta yadda gashin zai kwanta yana fuskantar baya. Idan mutum ya zame gaba sai gashin ya kwanta ya ba da santsi, idan kuma allon ya nemi komawa baya a kan hawa sai gashin ya tashi ya kama dusar ƙanƙara. Sanda ɗaya doguwa suke riƙewa, suna jingina da ita wajen gangara. A arewacin Sikandinabiya, inda Samawa makiyaya suke zaune, an daɗe ana amfani da alluna marasa tsawo ɗaya: dogo marar fata don zamiya a ƙafa ɗaya, da gajere mai fata don tunkuɗawa a ɗaya ƙafar.

Gudummawar manoman Telemark

Sojojin Norwe sun kafa rundunoni masu tafiya da allon zamiya tun 1747, kuma a 1767 an shirya musu gasa mai kyaututtuka, amma siffar allon da duniya ta sani a yau ta fito ne daga hannun talakawan lardin Telemark a tsakiyar ƙarni na 19. Masassaƙan wannan yanki mai tsaunuka su ne suka riƙa yi wa allon ɗan doro a tsakiya, ta yadda idan aka ajiye shi a ƙasa baki da wutsiya ne kawai suke taɓawa, sai mutum ya hau sannan ya miƙe ya raba nauyi daidai, abin da ya ba da damar rage kauri da nauyi. Sun kuma tsuke masa ƙugu, wato tsakiyarsa ta fi baki da wutsiya ƙanƙanta, wanda ya sa idan aka karkata shi a gefe sai ya juya da kansa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Sondre Norheim, talakan manomi da aka haifa a ƙauyen Morgedal a 1825, wanda ya yi amfani da maɗauri na murɗaɗɗen itace da yake zagaye diddige ya riƙe ƙafa gam. A 1868 ya je Kiristiyaniya, wato Oslo ta yau, ya lashe gasa yana da shekara fiye da 40, kuma daga nan ƙirar Telemark ta zama abin koyi. Talauci ya sa ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884, inda ya rasu a jihar Dakota ta Arewa a 1897.

Abin da ya fitar da allon zamiya daga Norwe zuwa sauran Turai shi ne tafiyar Fridtjof Nansen, wanda ya ƙetare tsibirin Girinlan a 1888 tare da mutum biyar, biyu daga cikinsu Samawa. Littafin da ya wallafa a 1890 game da tafiyar ya samu fassara zuwa Jamusanci da Ingilishi, ya kuma sa matasan Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka fara neman alluna, kuma tun da ba kowa ne zai iya sayo su daga Norwe ba, sai suka kai wa kafintocin garuruwansu samfuri. Yawancin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar a yau daga irin waɗannan ƙananan shaguna suka tashi: Martin Madshus ya fara a wani ɗakin ajiyar gona a Norwe a 1906, Abel Rossignol kafinta ne mai yi wa masaƙu kayan katako a garin Voiron na Faransa kafin ya sassaƙa allonsa na farko a 1907, shi kuma Josef Fischer maƙerin amalanke ne a Ostiriya lokacin da ya buɗe shagonsa a 1924.

Zamanin masana'anta

Canjin farko na kayan aiki ya zo ne a wajajen 1882, lokacin da aka fara yin alluna a Norwe da hikori, wani itace mai tsananin tauri da ake shigowa da shi daga Amurka, wanda sai da aka samu kayan sassaƙa na ƙarfe mai inganci sannan aka iya sarrafa shi. Nauyinsa da tsadarsa suka sa aka koma tunanin haɗa siraran katakai iri dabam-dabam da gam, mai tauri a ƙasa, marar nauyi a sama, amma yunƙurin farko ya ci tura saboda gam ɗin wancan zamani yana narkewa idan ya sha ruwa. Sai a farkon shekarun 1930, da aka samu gam mai jure ruwa, Bjørn Ullevoldsæter a Norwe da George Aaland a birnin Seattle suka fito da allo mai hawa uku wanda ba ya ɓallewa. Kafin wannan da 'yan shekaru, Rudolf Lettner na yankin Salzburg ya ƙirƙiro sanya siraran ƙarafa a gefen allo da ƙananan kusoshi, domin ya riƙa cizon ƙanƙara mai tauri.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ilimin ƙera jiragen sama ya shigo sana'ar. Howard Head, injiniyan jirgin sama a birnin Baltimore, ya shafe shekaru yana gwaji har ya fitar da allo mai katako a tsakiya da alminiyam sama da ƙasa a 1950. A shekarun 1950 aka fara shimfiɗa roba mai santsi a ƙasan allo, a farkon shekarun 1960 kuma zaren gilashi, wato gilashin da aka ja ya zama zare aka saƙa shi kamar yadi, ya fara maye gurbin alminiyam. Masu tseren dogon zango su ne suka fi daɗewa a kan katako zalla, kuma gasar duniya ta 1974 a garin Falun na Suwidin ita ce ta raba gardama: Magne Myrmo na Norwe ya lashe tseren kilomita 15 a kan allon katako da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, ya zama zakaran duniya na ƙarshe da ya yi nasara a kan katako, yayin da Thomas Magnusson na Suwidin ya lashe kilomita 30 a kan zaren gilashi. Cikin 'yan shekaru ƙananan shagunan katako da yawa suka rufe, ilimin zaɓen itace da turara shi ya koma hannun tsofaffi ƙalilan.

Komawa shagon mai sha'awa

Daga farkon shekarun 2000 sai aka fara samun mutane a Amurka da Kanada da Turai suna haɗa allunansu a gareji ko ɗakin ƙasa, ba don sayarwa ba, sai don su samu allon da ya dace da nauyinsu da irin zamiyarsu, da kuma daɗin hawan abin da hannunsu ya yi. Abin da ya sauƙaƙa hakan shi ne cewa allon masana'anta, duk da robar da ta rufe shi, har yanzu galibi zuciyarsa katako ce. Mai aikin yakan yanka siraran katakai na ash ko gora ko wani itace marar nauyi, ya manna su gefe da gefe, sannan ya fere su da injin goge katako har tsakiya ta tsaya a kan kaurin milimita 10 zuwa 12, baki da wutsiya kuma su sauka zuwa kimanin milimita 2, domin wannan bambancin kauri shi ne yake ƙayyade yadda allon zai lanƙwasa, kuma kuskuren rabin milimita yana canza halinsa. Sai ya yanka robar ƙasa bisa zanen da ya yi, ya lanƙwasa ƙarafan gefe su bi ta, ya jera komai hawa-hawa a kan gadon katako mai siffar doro da lanƙwasar baki: roba, zaren gilashi, zuciyar katako, wani zaren gilashin, sannan murfi, kowane hawa yana shafe da efoksi, irin gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa, wanda aka sani a kasuwa da sunan Araldite.

Matse waɗannan hawa-hawa shi ne aiki mafi wuya, kuma hanya biyu ake bi. Wasu sukan saka komai a cikin jakar leda su zuƙe iskar da famfo, sai nauyin iskar waje ya danne aikin da ƙarfin da bai wuce kimanin kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita ba. Wasu kuma sukan ƙera firam na ƙarfe su shimfiɗa mesar 'yan kwana-kwana a ciki, su hura mata iska ta kumbura ta danne allon da ƙarfin da ya ninka wancan sau uku ko fiye, abin da yake buƙatar walda mai kyau saboda haɗarin fashewa. Idan an sa zafi na kimanin digiri 80 gam ɗin yakan kama cikin ƙasa da awa ɗaya, idan babu zafi kuwa sai ya kwana. Bayan haka a yanke rarar gefe, a wasa ƙarfe, a goge ƙasa, a narka mata kaki. A gefe guda kuma akwai masu komawa ga tsohuwar hanya ta gatari da tururi da kwalta, har ma an sassaƙa kwafin allon Digervarden aka hau shi domin a gane yadda mutanen da suke tafiya.

Abin da ya sa ilimin bai mutu ba

Dawowar wannan sana'a ta yiwu ne saboda an adana ta kafin masu ita su ƙare. Tun 1923 aka buɗe gidan tarihin allon zamiya a Oslo, wanda yanzu yake Holmenkollen, inda mai son koyo zai ga tsofaffin alluna ya auna su, kuma a 1987 Norwe ta fara rajistar masu sana'o'in hannu a garin Lillehammer, wadda ta zama cibiyar da take haɗa tsohon gwani da matashi su yi aikin tare ana rubutawa ana ɗaukar hoto. Nijeriya ta riga ta shiga fagen wasan kansa, domin Samuel Ikpefan ya wakilce ta a tseren zamiya a gasar Olamfik ta Beijin a 2022, amma darasin da ya fi shafar Gombe yana wajen adana ilimin sassaƙa ne.

Halin da masassaƙin ƙasar Hausa yake ciki a yau ya yi kama da na takwaransa na Norwe bayan 1974. Roba da silba sun kori akushi daga yawancin gidaje, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, takalmin roba ya shafe dangarafai, itatuwan aikin kuma suna ƙarewa, har ta kai an sanya madobiya a ƙarƙashin ƙa'idojin yarjejeniyar CITES ta cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazana tun daga 2017. Sanin cewa ƙirya ce take jure daka, aduwa ce take karɓar tawada a allo, maɗaci ne yake zaman kwalekwale, da sanin lokacin sara da yadda ake busar da gungume kada ya tsage, ilimi ne da yake cikin ƙirazan dattawa, kuma ba a rubuta mafi yawansa ba. Ya kamata Jami'ar Jihar Gombe da Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta Tarayya da ke garin su tura ɗalibansu wurin masassaƙan da suka rage a Dawaki da sauran unguwanni da ƙauyukan jihar, su zauna da su, su rubuta sunayen kayan aiki da na itatuwa da matakan aikin, a kuma sanya ƙirya da maɗaci da aduwa a cikin shirin dashen itatuwa na jiha. Sana'ar da aka rubuta, aka kuma ajiye samfurinta, tana iya farfaɗowa ko bayan kasuwarta ta mutu, amma wadda ta tafi tare da mai ita ba ta dawowa, don haka aikin yana kan wuyan waɗanda suke raye tare da gwanayen a yanzu.